Mako uku a gonar inabin gado a kudancin Faransa

Ina ɗalibi a birnin Abinyo (Avignon) lokacin da na nemi aikin ƙwadago na watan Satumba, aka kai ni wata gonar inabi a Châteauneuf-du-Pape, wadda iyali ɗaya ke nomawa tun zamanin kakanni. Ban taɓa kai giya bakina ba, masu gidan kuma ba su matsa mini ba, saboda haka da ido da hanci da tafin hannu na san jar giyarsu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙasar. Manyan duwatsu masu sulɓi, waɗanda kogin Rhône ya baro tun fil'azal, sun rufe gonar har ba a ganin turɓaya. Suna shan zafin rana, da dare su mayar wa itatuwan. Itatuwan gajeru ne, a tsugune, domin iskar mistral, mai busar da leɓe kamar hunturu, ba ta raga wa dogon reshe. Ita ce kuma ke kare 'ya'yan daga ruɓewa.

Dokar yankin, wadda ta samu amincewar hukuma a 1936, ta wajabta tsinka da hannu da kuma ware 'ya'yan da suka lalace. Ni kuwa a ranar farko sauri na sa a gaba, na cika bokiti da duk abin da almakashina ya kama. Dattijon gidan bai ɗaga murya ba. Ya juye bokitin, ya tsugunna yana ware nonnan inabin da suka fara fumfuna, sannan ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ya ce in tauna har da irin cikinta. Irin da ya yi ruwan ƙasa, yana ƙaras a haƙori, shi ne nunanne. Kore kuwa baurinsa ya fi na ɗanyen goro, kuma wannan baurin zai bi giyar shekara da shekaru. Tun daga ranar nake jujjuya kowane nono kafin in yanke.

A rumbun na gane cewa ruwan inabin Grenache, wanda shi ne ƙashin bayan giyar yankin, kusan fari yake fitowa, jan launin daga ɓawo yake zuwa yayin da ake danna shi cikin ruwan kullum. Suna ƙara inabin Syrah domin duhu da ƙanshin masoro, da Mourvèdre domin ta jure ajiya. 'Yar dattijon, wadda ke shirin karɓar gidan, ta buɗe mini wata tsohuwar katuwar ganga in sansana: ƙanshin 'ya'yan itace da suka nuna lugub, sai wani kamar na busasshen ciyawar tudun da muke takawa da asuba. Ta ce mahaifinta ya ƙi sayen sababbin ganguna ne don kada ƙanshin katako ya danne wannan.