Darasin Rarrabe Aikin Masar da Kwaikwayon Rumawa

Kuskuren da ɗalibin tarihin fasaha ya fi faɗawa shi ne, da ya ga rawanin Fir'auna a kan gunki a birnin Rum sai ya ce daga Masar aka kawo shi. Bayan da Augustus, wanda ya zama sarkin Rum na farko, ya ci Masar a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi ta jigilar kayan Fir'aunoni zuwa Italiya, masassaƙan Rum kuma suka shiga yin nasu. Rarrabe biyun nan shi ne aikin.

A fara da dutsen. Gunkin Antinous (saurayin da Sarkin Rum Hadrian ke ƙauna) cikin siffar Osiris, abin bautar Masarawa, wanda aka tono a gidan sarkin na Tivoli kusa da Rum, yana da rawani da ɗan bante irin na Fir'auna, ƙafar hagu a gaba, hannuwa a dunƙule. Amma farar marmara ce, ƙirjin da cinyoyin kuma ƙirar Girkawa ce tsantsa. Masassaƙin Masar yakan bar ginshiƙi a bayan gunki, ya bar dutse tsakanin hannu da jiki. Sai dai dutse kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ma'adinan jan dutsen Aswan sun koma hannun Rumawa.

Rubutun ne ya fi wahala, kuma nan ya kamata a daɗe. Ginshiƙi mai tsini da ke dandalin Piazza del Popolo a Rum na asali ne, na Fir'aunoni Seti na ɗaya da Ramses na biyu, an kawo shi daga birnin Heliopolis na Masar a shekara ta 10 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda ke gaban cocin Trinità dei Monti kuwa rubutun wancan aka kwafa a kansa, da kurakurai, saboda mai sassaƙar siffa yake bi, ba ya karantawa. Faifan tagulla na Mensa Isiaca da ke Turin ya fi haka: alamominsa ado ne kawai, ba su faɗi komai ba, duk da haka masani Athanasius Kircher ya dage da fassara su a ƙarni na 17. To amma kada a ce duk rubutun zamanin Rumawa na bogi ne. Ginshiƙin Sarkin Rum Domitian na dandalin Piazza Navona yana karantuwa, sunan sarkin na ciki.

Dalar Cestius kuwa, kabarin wani Barume a birnin Rum, mai tsayin mita 36, ciki siminti ne irin na Rumawa, aka lulluɓe da marmara, ta kuma fi na Giza da ke Masar tsini nesa ba kusa ba. Rubutun jikinta ya ce cikin kwana 330 aka gama ta.