Font ɗin gayu da ya cinye min ribar katin biki

Bodoni font ne, wato salon haruffan rubutu, kuma kyau gare shi, wannan ba gardama, sandar harafi ɓul-ɓul sannan layin da ke haɗa ta siriri kamar gashi. Giambattista Bodoni ne ya sassaƙa shi a Parma ta Italiya a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin su Didot, masu sassaƙa haruffa, su ma suna nasu a Faris, kuma irin salon ne a goshin mujallar Vogue. Shi ya sa da wata Hajiya ta kawo min aikin katin bikin 'yarta ta ce tana son abu na manya, ban yi wata-wata ba na ɗauko shi.

Kati shuɗi mai duhu, rubutu ruwan gwal. Sunan ango da amarya na buɗa shi sosai, ya fito tsaf. Sai daɗi ya kwashe ni na zuba jadawalin ma da shi, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, yini, duk a sayiz 8. A manhajar zane ta CorelDRAW na zuƙo shi ya cika allo, na tura mata ta WhatsApp ta ce ɗana Allah ya yi albarka, shikenan na kai wurin bugu.

Da katin ya fito wallahi sai da gabana ya faɗi. Kalar bangon ba tawada ɗaya ba ce, tawada kala-kala ake ɗorawa kan juna, to da ɗan gocewa kaɗan sai su haɗiye siraran layukan nan gaba ɗaya, masu kaurin kaɗai suka tsira. Harafin e ya koma c. Wanda ya fi ƙona min rai lamba 4, don layinta na karkace da na kwance duk sirara ne, sai sandar tsaye ta rage, yinin ƙarfe 4:00 ya zama ƙarfe 1:00. Hajiya ta ɗaga kati ta kai shi kusa da taga ta ce ɗana, da azahar za ka tara min mata?

Ni na biya kuɗin sake bugu, mai injin ko a jikinsa, wai abin da na kawo shi ya buga. Sunayen na bar su da Bodoni don a nan ne yake cin kasuwarsa, ƙananan rubutun kuma na mayar da su font mara kwalliya mai kauri ɗaya. Daga baya na gano Bodoni Moda na Google Fonts yana da zubi daban na ƙaramin sayiz, an ƙara wa siraran layukan jiki.

Yanzu ko kwastoma na tsaye a kaina yana sauri sai na buga gwaji a ainihin girman katin kuma a kan takardar da za a yi aikin da ita, lambobi nake fara dubawa. Kuma ku duba ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ku yi nisa, kwafin Bodoni da nake da shi a lokacin babu su, sa'a ce kawai sunayen suka zo ba mai lanƙwasa ko ɗaya.