Kan kifi

Muna aji biyu na ƙaramar sakandare malamin lissafinmu ya ɗaga takardata sama, ya juya ta kowa ya ga jan biron da ke kai: 6 cikin 40. Ya ce, "Ke dai kan kifi gare ki, ki yi ta addu'a miji ya fito da wuri." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, don in ba ki dara ba sai a ce kin ji haushi. Na tabbata kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya manta ya faɗa. Ni kuwa na ɗauki maganar na kai ta gida, na kai ta ɗakin aure, na yi goyo uku tana nan liƙe da ni.

Tun ina ƙarama ungozoma nake so in zama. Kakata ta wajen uwa ita ce ungozomar unguwarmu, in an buga mata ƙofa da tsakar dare ni nake raka ta da tocila har bakin ɗakin mai naƙuda, sannan a kore ni. Amma ungozomar asibiti ba a gadonta. Makarantar tana son kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis, kuma kada su wuce zama biyu. Da sakamakona na WAEC ya fito na samu huɗu. Lissafi F9. Ban ko yi kuka ba, domin a ganina takardar ba ta zo da labari ba, ta dai buga hatimi ne a kan abin da na riga na sani.

Shekara 12 na yi ban sake gwadawa ba, kuma ba wanda ya hana ni. Wannan ne abin da ya fi min wuyar faɗa. Da maigidana ne ya hana, da na samu wanda zan ɗora wa. Sau biyu yana ce min, "Ki sayi fom ɗin nan mana, ai darasi ɗaya ne ya rage." Ni nake kawo dalili. Yau ciki, gobe goyo, jibi kuɗin sun fi amfani a cefane. Can ƙasa kuwa murya guda ce, kuma ta daɗe da daina fita da bakin malamin nan, ta koma tawa. Ba "ke kan kifi gare ki" take cewa ba, "ni ai ba na gane lissafi" take cewa. In wani ya zage ki kya iya ramawa. In ke ce mai zagin, wa za ki kai wa ƙara?

Ta kuma iya shiga. Wani lokaci da hijabi take zuwa har ƙasa: wataƙila ba rabonki ba ne, kowa da abin da Allah ya tsaga masa, ki gode da abin da kika samu. Sai in ji kamar tawakkali nake yi. A Islamiyyar matan aure aka kwance mata zani, ranar da malamarmu ta kawo hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Sai in abu ya same shi ne zai ce Allah ne ya ƙaddara. Malama ta tsaya a kan jerin: ƙoƙari a gaba, maganar ƙaddara a baya. Ni na juya shi. Na ba wa tsoro sunan ƙaddara tun ban ɗaga biro ba.

Wanda ya koya min lissafi wani dattijo ne a layinmu, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya kuma daɗe yana duba takardun jarrabawa. A zauren gidansa muke zama bayan la'asar, matarsa tana gefe tana gyaran zogale. Ranar farko na ce, "Baba, ni fa ban iya lissafi ba." Ya ce, "Wanne?" Na ce duka. Ya ce, "Ba wata tambaya a jarrabawa mai suna duka. 'Yata, wa ke riƙe littafin adashin matan layin nan?" Na ce ni ce. Mata 20, zubi kullum, kwasa duk kwana goma, ga masu fashi ga masu biyan bashin jiya, kuma ba a taɓa kama ni da kuskuren naira ɗaya ba. Ya ce, "To wannan mene ne, tatsuniya?"

Ya ba ni tambayoyi 15, daga na firamare ya yi ta hawa. A ta bakwai na tsaya cak: 3 a ɗebe 8. Na ce ba ya yiwuwa. Ya ce, "Kina da naira 3, mai kayan miya tana bin ki 8. Kin ba ta abin hannunki. Yaya ake ciki?" Na ce saura bashin 5. Ya ce, "Shi ne mainos 5. Bashi ne kawai." Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni har ƙafa. Ramin da na faɗa ke nan tun aji ɗaya, wata uku da na yi ina jinyar taifot aka wuce wurin ba ni nan. Lissafi kuwa gini ne, in bulo ɗaya ya zame a ƙasa duk abin da aka ɗora sai ya karkace. Abin da na shekara ina kira kan kifi, rami biyu ne: lambobin bashi da lissafin kashi-kashi, irin su rabi da sulusi. Mako shida muka yi muka cike su.

Abu na biyu da ya nuna min shi ne yadda ake ba da maki, kuma har yau ina mamakin yadda ba a faɗa wa ɗalibai wannan tun da wuri. Lissafin WAEC takarda biyu ce. Ta farko canki-canka, tambaya 50. Ta biyu tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole. A wannan ta biyun mai dubawa ba amsar ƙarshe kaɗai yake nema ba. Akwai makin hanya, akwai makin amsa. Kin rubuta ƙa'idar daidai, maki. Kin zuba lambobi a gurbinsu, maki. Ko kin ɓata a layin ƙarshe, na baya suna nan. Ni kuwa a zamana na farko duk tambayar da ban hango ƙarshenta ba sai in bar ta fari fat, don muryar ta ce in ba za ki iya gamawa ba kada ki fara ki kunyata kanki. Ashe farar takarda ce kaɗai ba ta da maki.

Wata ƙawata ta kawo min shawarar irin cibiyoyin nan da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo. Na yi kwana biyu ina juya ta, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni, bayan tsoron Allah, lissafi ne shi ma: ungozoma tana auna magani, tana ƙirga ɗigon ƙarin ruwa a minti, tana lissafin watannin ciki. In na sayi kiredit, a kan jikin 'yar wani zan biya. Ga shi kuma muryar za ta samu hujjar da ba zan iya karyawa ba har abada.

Na sayi ƙaramin littafi. Duk dare in yara sun yi barci sai in yi tambaya 10 daga na shekarun baya, in rubuta kwanan wata da abin da na ci. 3, 4, 3, 6, 5. In muryar ta taso ba na yi mata gardama, don ta fi ni baki. Littafin nake buɗewa. Ban taɓa tsayawa gaban madubi ina ce wa kaina ni gwana ce ba, da na yi ma ba zan yarda ba. Amma 3 da ta koma 7 da rubutun hannuna ba ta ƙaryatuwa.

Jarrabawar masu zaman kansu na zauna, wadda ake kira GCE, ta ƙarshen shekara. A bakin ƙofa mai gadi ya ce, "Hajiya, iyaye a waje suke jira." Na nuna masa katina. 'Yan matan da ke bayana suka ƙunshe dariya. Minti goman farko hannuna rawa yake, ba abin da na rubuta sai lambata. Sakamako ya fito D7.

Ranar muryar ta yi biki har da guɗa. Na kai wa Baba takardar ina jiran ya ba ni haƙuri, sai ya sa tabarau ya ce, "Daga 9 zuwa 7. Saura taki ɗaya ki taka C6. Ranar Asabar ki zo da littafinki, akwai kusurwoyin da'ira da kike gudu." A shekarar da ta biyo na samu C5.

Yanzu ina shekara ta biyu a makarantar ungozoma, kuma ni ce babba a ajinmu, Anti suke ce min. Muryar ba ta mutu ba. Makon jiya a ɗakin awo sista ta miƙo min ƙahon sauraren bugun zuciyar jariri, ta ce in ƙirga. Ina kara kunne a cikin matar sai na ji ta: za ki ɓata, a gaban yaran nan. Na bar ta tana magana, na kafa ido a agogo, na ƙirga minti guda cur. Na ce 142. Sista ta karɓa ta saurara, ta ɗago, ta ce, "Rubuta a kati. Ki kira ta gaba."