Daga kyanwoyin masallatai zuwa karnukan dajin Istanbul

Ƙanena yana karatun likitancin dabbobi a Istanbul, kuma shi ne dalilin zuwana Turkiyya a watan Oktoba na 2024. Niyyata zumunci da ganin tsofaffin masallatai. Amma wanda ya sauka a hannun ɗalibin likitan dabbobi, ta inda dabbobi suke ta nan zai ga gari.

An daɗe ana ba ni labarin kyanwoyin birnin, sai dai gani ya kori ji. Suna kan kujerun masu shayi, suna kan baburan da aka ajiye, suna cikin tagogin kantuna tsakanin kayan sayarwa, suna barci a kan kaburburan da ke harabar masallatai. Kusan kowane lungu akwai robar ruwa da aka yanke, gefenta an zuba busasshen abinci. A wasu unguwanni har ƙananan ɗakunan katako aka jera musu saboda sanyi. Ba wanda ke ce musu kyas. A masallacin Ayasofiya ƙanena ya nuna mini inda wata kyanwa mai suna Gli ta saba zama. A cikin ginin ta yi rayuwarta tun 2004 har ta mutu a 2020, kuma Barack Obama ya shafa ta lokacin da ya kai ziyara a 2009.

Daga Eminonu muka shiga jirgin ruwa muka tsallaka mashigin Bosforus zuwa Uskudar, ɓangaren Asiya. Can ne masallacin Aziz Mahmud Hudayi, inda liman Mustafa Efe ya yi suna a 2016 saboda ya buɗe wa kyanwoyi ƙofa a lokacin hunturu, har aka ga wata uwa tana ɗauko 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana hawa da su mumbari. A bangon masallacin Yeni Valide, ba nisa da tashar jirgin, magina sun sassaƙa wa tsuntsaye gidajen dutse tun zamanin Daular Usmaniyya. A wancan zamani masu hali kan bar waƙafi don ciyar da dabbobin titi. Na tsaya a gindin bangon ina tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Mutanen da suka yi wannan gini sun ɗauki maganar da gaske.

Da yamma muka gangara Kadikoy, muka ga mutum-mutumin Tombili, wata ƙatuwar kyanwa da hotonta ya zaga intanet tana jingine a bakin hanya. Ta mutu a 2016, 'yan unguwa suka nemi a yi mata abin tunawa, aka yi. Ina cikin ɗaukar hoto ƙanena ya ce, "Yaya, wannan shi ne abin da baƙi ke gani. Gobe ki dubi idanunsu."

Na duba kuwa. Cikin ƙananan kyanwoyin, da yawa idanunsu sun liƙe da ruwa, wasu hanci na zuba, wasu ƙuma ta cinye su. Ya ce kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu ko biyar, cikin nata mako tara ne kacal, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Abincin da ake zubawa yana raya iyaye, amma ba ya hana mura ta kashe 'ya'ya, ba ya hana mota. Idan sanyi ya shigo sukan shige cikin injin mota neman ɗumi, shi ya sa direbobi masu lura ke bubbuga murfin injin kafin su tayar. Ya koya mini duba kunne: wadda aka ɗan yanke wa gefen kunne, an riga an kama ta, an yi mata aikin hana haihuwa, an mayar da ita. A wasu tituna kusan duka suna da alamar. A wasu ko ɗaya babu, kuma a nan ne ƙananan marasa lafiya suka fi yawa.

Zancen kare ya fi nauyi. Karnukan Istanbul manya ne, sukan miƙe a tashar jirgin ƙasa ko ƙofar banki, mutane na tsallake su. Yawancin waɗanda na gani a tsakiyar gari suna da ɗan kunnen roba, shaidar cewa an yi musu fiɗiya ko an cire mahaifa, an kuma yi allurar rigakafi. Doka mai lamba 5199 ta 2004 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi wannan aiki: a kama, a yi aiki, a yi allura, a mayar da kare inda aka same shi. Tsarin mai kyau ne, amma hukumomi da yawa ba su yi shi yadda ya kamata ba, karnuka suka ci gaba da hayayyafa har gwamnati ta ƙiyasta sun kai miliyan 4 a faɗin ƙasar. An samu yaran da garken karnuka suka yi wa rauni, an samu waɗanda mota ta buge suna gudun kare. Ba zan raina tsoron uwar da ɗanta ke bin hanyar da babu kowa zuwa makaranta ba. Ciwon haukan kare ma ba abin wasa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare.

A ƙarshen Yulin 2024 majalisar dokoki ta yi wa dokar gyara. Yanzu ba a mayar da kare titi, sai a kai shi gidan ajiya har a samu mai ɗauka, kuma an ba da damar kashe mai haɗari ko mai ciwon da ba ya warkewa. An bai wa hukumomi har ƙarshen 2028 su gina wuraren. A lokacin da aka yi gyaran, gidajen ajiya 322 ne a ƙasar, masu ɗaukar karnuka wajen 105,000. Ko ba ka iya lissafi ba ka san akwai tazara tsakanin wannan da miliyan 4. Dubban mutane sun fito zanga-zanga, kuma na fahimci dalilin fargabarsu ranar da muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Adalar. Daga nesa, cikin tekun Marmara, ƙanena ya nuna mini wani tsibirin dutse mai tsini, Sivriada. A 1910 hukumomi suka tattara dubun-dubatar karnukan birnin suka zube su a can, babu abinci, babu ruwan kirki, suka mutu da yunwa da ƙishirwa. Mutanen Istanbul ba su manta ba.

Tafiyar da ta fi tsaya mini a rai ba ta cikin littafin jagoran baƙi. Bayan sallar asuba muka bi wasu 'yan sa-kai zuwa dajin da ke bayan gari, a wata tsohuwar mota cike da buhunan abinci da jarkokin ruwa. Shugabarsu tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ina kiran ta Inna, ƙanena na yi mana tafinta. Da jin ƙarar motar karnuka suka fara fitowa daga cikin bishiyoyi. Wasu haƙarƙari a waje, wasu ƙazuwa ta kwashe musu gashi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne waɗanda ke da madauri a wuya. Waɗannan karnukan gida ne. An saye su suna ƙanana masu kyau, da suka girma ko suka fara cin kuɗi aka zo aka sauke su a bakin hanya. Ba su iya neman abinci ba, ba su iya faɗa ba, duk motar da ta tsaya sai su ruga su leƙa cikinta.

"'Yata, kada ki dube shi cikin ido, kada ki miƙa hannu ta saman kansa," in ji Inna. "Ki juya gefe, ki durƙusa, ki bar shi ya zo da kansa." Haka na yi wa wani baƙin kare mai ƙafa uku. Ya ɗauki lokaci yana zagaye, sannan ya zo ya shinshina takalmina ya kwanta.

Mun dawo da shi, tare da kwiyakwiyi da muka tarar cikin kwali da wata 'yar kyanwa da idonta bai daɗe da buɗewa ba. A asibitin dabbobi na ga cewa ɗaukowa ita ce mafi sauƙi. Sabon zuwa ana keɓe shi, don cutar gudawar jini ta kwiyakwiyi tana iya share ɗaki guda. Sai maganin tsutsa da na kaska, sai allurai tun daga mako shida zuwa takwas, ta haukan kare kuma sai an kai wata uku. 'Yar kyanwar ba a ba ta madara nan take ba, sai da aka ɗumama ta, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci. Madarar shanu kuma gudawa take sa su, akwai tasu ta musamman da ake ba su duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Likitar ta ƙara da cewa ba kowace kyanwa ake kai wa gida ba. Wadda ba ta saba da hannun mutum ba tsakanin mako biyu zuwa bakwai na rayuwarta, da wuya ta saki jiki in ta girma. Irin wannan gatanta shi ne a yi mata aiki da allura, a mayar da ita wurinta, a ci gaba da lura da ita.

Na tambayi Inna ko addini ba ya hana mutane ɗaukar kare. Ta ce ita ma ba ta kwana ɗaki ɗaya da kare, amma malamai sun halatta riƙe shi don gadi da kiwo da farauta, kuma mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare ruwa da takalminsa bai tsaya tambayar na wane ne ba. Matsalarta, in ji ta, kowa ɗan kwikwiyo fari yake so. Babba, baƙi, tsoho ko mai naƙasa sai ya shekara ba wanda ya tambaya. Duk da haka ba ta bayarwa da gaggawa. Sai ta ji ko mai gidan haya ya yarda, wa zai kula da shi in an yi tafiya, akwai kuɗin magani ko babu, don ta sha ganin karen da ta bayar ya sake bayyana a dajin.

Na so in taho da 'yar kyanwar. Ƙanena ya ce ba ta isa allurar haukan kare ba, kuma sai an sa mata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, an jira makonni bayan allura, an samu takardar lafiya, kafin ta hau jirgi. Na biya kuɗin allurai da na aikinta, shi kuma ya ɗauki renon dare.

Bayan na dawo ya aiko mini da labari. Ɗaya daga cikin kwiyakwiyin bai rayu ba, sauran sun samu gidaje. 'Yar kyanwar tana hannun wata abokiyar karatunsa. Baƙin karen mai ƙafa uku wani dattijo mai lambu ne ya ɗauke shi, an yi masa rajista da sunansa, Inna kuma ta riga ta je ta duba katangar lambun da ɗakin da aka yi masa. Ta ce a gaya mini a makon da ya biyo baya an sake sauke wasu karnuka a wannan bakin hanyar, biyu da madauri a wuya.