Na haɗa samfurin jirgin Voisin III da waya da kara

Voisin III jirgin yaƙi ne na Faransa mai fiffike biyu, sama da ƙasa, wanda Gabriel Voisin ya ƙera, ya shiga aiki a 1914. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da shi ake leƙen asiri, da shi ake jefa bam. Faɗin fikafikansa ya kusa mita 15, ni kuwa na rage shi sau 20, ya dawo kusan santimita 75, daidai abin da teburina zai ɗauka.

Abin da na fara lura da shi, kara kaɗai ba zai yi ba. Jirgin na asali da bututun ƙarfe aka yi ƙashinsa, shi ya sa yake jure zama a fili, ruwa da rana, ya kuma sauka a ƙasa mai gargada. Sai na sayi wayar ƙafar keke a wurin mai faci, na yi gangar jiki da ita, na haɗa da dalma. Kara ya tsaya a haƙarƙarin fiffike, na lulluɓe da farar takarda.

Wahalar tana tsakanin fikafikan nan biyu. Ka kafa ginshiƙai, ka sa gam, ka bari ya bushe, amma da ka taɓa sai abin ya karkace gefe guda. A hoto, wayoyin da suka giggitta tsakanin ginshiƙan kamar kwalliya suke. Ashe su ne ƙarfin jirgin. Na ɗauki zare mai ƙwari ina ɗaurewa daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane gurbi sau biyu, ɗaya ya gitta ɗaya. Idan ka ja na dama fiye da kima, fiffiken hagu ya ɗaga, sai ka sassauta ka koma. Aikin ya yi kama da saƙar gadon igiya, ba a ƙarasa gefe ɗaya a bar ɗaya. Da zaren ƙarshe ya shiga, na ɗaga shi da yatsu biyu, ko motsi bai yi ba. Makanikan da suka riƙa yin wannan gyara a jirgin na asali, gaskiya sun ci a yaba musu.

Injin kuma a baya yake, ƙirar Salmson, silinda tara jere a da'ira, farfela tana tura jirgin ta baya. Don haka wutsiya ba ta da jikin da za ta manne, sai sanduna huɗu da suka zagaye farfelar suka haɗe can ƙarshe. Tayoyi huɗu ne, biyun gaba suna hana shi kifewa da hanci.

Sai da na zaunar da 'yan mutanena biyu na totuwa sannan na gane dabarar. Gaba fayau, babu farfelar da za ta tare ido ko harsashi. Matuƙi yana gaba, abokinsa yana bayansa, ya miƙe tsaye ya harba bindigar Hotchkiss ta saman kansa. Haka matuƙi Joseph Frantz da abokinsa Louis Quénault suka harbo jirgin Jamus ƙirar Aviatik kusa da garin Reims na Faransa ranar 5 ga Oktoba, 1914, wanda ake ɗauka shi ne karo na farko da jirgi ya kakkaɓo jirgi da bindiga. A watan Mayun 1915 kuma jiragen Voisin 18 suka kai hari masana'antar sinadarai ta Ludwigshafen a Jamus.

Amma juya samfurin ka leƙa ta wutsiya. Inji ya tare, farfela ta tare, mai bindiga ba shi da ta inda zai kare bayansa. Gudunsa kuwa bai wuce kilomita 100 da 'yan kai a awa ba. Da jiragen Fokker na Jamus suka bayyana a 1915, ta bayan suke biyowa, dole Faransawa suka mayar da yawancin hare-haren Voisin zuwa dare.

Ga mai son gwadawa, ya haɗa wutsiya kafin ya ɗaure fikafikai, domin bayan zare ya shiga, hannu ba ya samun hanyar kaiwa wurin inji.