Labarin sauya jinsi da darasin "haka kowa ya ɗauko"

Duk wanda ya zauna a teburin labaran waje ya san matsin lamba ba ya zuwa a rubuce. Edita ne zai leƙo ya ce, "Malam, ai haka kowa ya ɗauko shi, saka kawai." A labarin sauya jinsi, babu maganar da ta kai wannan jawo ɓarna.

A watan Afrilun 2024 Dakta Hilary Cass ta fitar da rahotonta na ƙarshe kan yadda hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ke kula da yara masu neman sauya jinsi. Nan da nan magana ta bazu wai ta yi watsi da kashi 98 cikin ɗari na binciken da ake da shi. Ba haka aka yi ba. Masanan Jami'ar York da suka yi mata aikin sun tantance bincike 103: guda 50 kan maganin dakatar da balaga, 53 kan sinadarin homon. Biyu kacal suka kai babban matakin inganci, 58 matsakaita ne, 43 masu rauni. Masu raunin aka ajiye, aka yi aiki da 60. Wani ya ga "biyu cikin 103" ya ɗauka sauran duk an zubar. Minti goma ya ishi wanda ya buɗe takardun asali ya gane haka. Sai dai a lokacin, wanda ya tsaya dubawa ana yi masa kallon ya ɗauki ɓangare. Ran da kuskure ya fito kuwa, ƙaramin ma'aikaci ake kira ofis. Editan da ya hana shi minti goman yana can yana shan shayinsa.

Tsoron yana da tushe. A 2020 ma'aikatan jaridar Guardian 338 suka sa hannu a takardar ƙorafi bayan wani sharhi da marubuciyar jaridar Suzanne Moore ta yi kan batun sauya jinsi, kafin shekarar ta ƙare ta bar gidan. A Fabrairun 2023 ɗaruruwan masu rubuta wa New York Times suka fito fili suka soki yadda jaridar ke ɗauko batun.

Mai fassara zuwa Hausa shi tasa igiyar biyu ce, don masu sauraro ma suna ja ta nasu gefen. Abu mafi sauƙi shi ne ya rubuta "ɗan daudu" ko "mata-maza" kowa ya ji daɗi. Dukansu ba su ne ba. Mata-maza halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, har malaman fiƙihu sun yi mata babi. Ɗan daudu kuma namiji ne mai ɗabi'un mata, ba ruwansa da asibiti. Wanda ya cusa su a labarin Ingila ya canza labarin.

A rarrabe matakai uku: dakatar da balaga, shan homon, tiyata. Abin da NHS ta daina bai wa yara a Maris 2024 na farkon ne, ban da cikin gwajin bincike.

"Hujja ba ta da ƙarfi", kamar yadda rahoton Cass ya ce kan waɗannan magunguna, ba ya nufin "an tabbatar yana cutarwa", ba ya kuma nufin "ba shi da illa".

A riƙa bin shari'a har ƙarshe. Keira Bell, wadda aka bai wa maganin dakatar da balaga daga baya ta yi nadama, ta yi nasara a kotu kan asibitin Tavistock na Landan da ya duba ta a Disamban 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Satumban 2021, amma har yau akwai masu kawo na farkon su yi shiru da na biyun.