Naira dubu ɗaya da na rage a turmin atamfa, da abin da ta jawo mini a Kantin Kwari

Lissafin da na yi daidai ne, a takarda. Ni da maƙwabcina a layi ɗaya muke a Kantin Kwari, atamfa iri ɗaya muke saro wa daga dila ɗaya. Turmi yana zo mana a 14,000, muna sallamawa a 17,000. A cikin azumi kowannenmu yana fitar da kamar turmi 20 a yini, ribar 60,000 ke nan. Na zana gida huɗu, kowane gida da ribar da za mu samu in ya rage ko bai rage ba, in na rage ko ban rage ba, kamar yadda ake yi a ilimin dabarun gasa, wanda masana tattalin arziki ke kira nazarin wasa. Idan na sauko 16,000 shi bai sauko ba, zan sayar da 34, in tashi da 68,000, shi ya tsira da turmi 6, wato 18,000. Idan shi ya sauko na tsaya, ni zan sha wannan kashin. Idan duka muka sauko, kowa ya sayar da 21, ribar 42,000.

Duba da kyau: in ya tsaya, 68 ta fi 60, in ya rage, 42 ta fi 18. Ko ta ina ka ɓullo, ragi ne ya fi mini. Shi ma haka lissafinsa zai nuna. Sai mu haɗu a 42,000, inda babu wanda zai iya janyewa shi kaɗai ba tare da ya ƙara cutuwa ba. Wannan matsaya ita ake kira daidaiton Nash, da sunan John Nash da ya bayyana ta a 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 1994. Tarkon kansa kuma shi ne tsaka-mai-wuyar fursunoni biyu, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a Amurka a wannan shekara ta 1950. Duk na san wannan. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Kuskurena ɗaya ne: na lissafa wasan kamar sau ɗaya za a buga a tashi. Alhali mutumin da kuke buɗe shago tare kowace safiya, dara ce da ba a tashi daga kanta. Na ɗauka sai ya yi mako bai farga ba. Ina! Ɗan kamashon da ya kawo maka mai saye da hantsi, shi zai kai labarinka shagon gaba kafin azahar. Kwana biyu kacal na ci moriyar, ƙarin 8,000 a yini, jimilla 16,000. A rana ta uku bai tsaya a 16,000 ba, sai ya dira 15,500. Dole na bi. Riba ta koma 1,500 a turmi, masu saye kuwa ba su ƙaru ba, domin matar da ta zo yi wa yaranta kayan sallah turmi uku take nema, ba za ta sayi shida don ka yi ragi ba. Yini ya koma 31,500. Kwana 18 muka yi a haka, a lokacin da ake jira duk shekara. Giɓin 28,500 sau 18, naira 513,000, saboda kwaɗayin 16,000. Dara ta ci gida.

Akwai lissafin da ya kamata in fara yi kafin duk wannan. Idan ribarka 3,000 ce ka mayar da ita 2,000, sai ka sayar da turmi 30 a maimakon 20 kafin ma ka dawo inda kake. A 1,500 kuwa sai 40. Daga ina za su fito, in ba daga hannun maƙwabci ba? Shi kuma ba zai naɗe hannu ba, musamman da yake jarinsa ya fi nawa kuma kuɗi hannu yake sari, yana iya jure wata guda ba riba. Ban tambayi kaina yaushe zai sani ba, ban tambayi ko zai iya bi na ba. Tambayoyin nan biyu sun fi gidajen huɗun da na zana muhimmanci.

Hawa ya fi sauka wuya, domin wanda ya fara mayar da farashi shi zai wuni yana korar ƙuda. Zama a yanke farashi tare kuma ba hanya ba ce, dokar gasar kasuwanci ta 2018 ta haramta haɗa baki a kan farashi. Abin da ya yi aiki shi ne abin da Robert Axelrod na Jami'ar Michigan ya gano a gasar kwamfuta da ya shirya a 1980, inda dabaru daban-daban suka yi ta maimaita wasan fursunonin nan da juna. Dabarar da ta yi nasara, wadda Anatol Rapoport ya aika, ita ce mafi sauƙi: ka fara da mutunci, daga nan duk abin da abokin karawa ya yi jiya ka yi masa yau, in ya dawo hanya ka dawo nan take. Bayan sallah na rubuta 17,000 a kwali na rataye inda kowa zai gani, na haƙura da kwana huɗu na ƙarancin ciniki. A rana ta biyar ya mayar. Da muka gaisa na ce, “Alhaji, kasuwa ta yi wuya.” Bai ko ɗago daga ƙirgar kuɗinsa ba ya ce, “Malam, ai kai ka fara.”

Wani abu da dabarar ke buƙata a kasuwa ta gaske: kada ka rama a kan jita-jita. Mai saye zai rantse maka an ba shi 16,000 a gaba don ka sauko. Wani lokaci yaron shago ne ya yi wa ɗan'uwansa ragi sau ɗaya. Ni yanzu sai na tabbatar daga mutum biyu a kwana biyu kafin in motsa. Na kuma mayar da kusan rabin kayana zuwa zanen da babu a layinmu, don kada a riƙa auna ni da shagon kusa turmi da turmi.

Ta'adin dai bai gama wankewa ba. Masu sari daga Haɗeja da Maraɗi ba sa mantuwa. Ko a makon jiya wata Hajiya ta ajiye turmi ta ce, “Haba ɗana, ba kai ka ba ni 15,500 da azumi ba?” Na ce albarka, ta wuce gaba.